Teburin Bahago

4 ga Fabrairu

Zuwa ga jikana, Malamin Tarihi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da jaririyar da har yau ban gani ba sai a hoto. Ni dai da sauƙi. Ƙafafun suna kumbura kamar kullum, kunnen dama kuma ya bi sahun na hagu, don haka ka daina wahalar da kanka da buga mini waya. Ina ganin tana haske, ba na jin komai. Maƙwabciyata takan leƙo da safe ta ga ko ina numfashi, ta wuce. In kana da magana ka rubuto, yadda aka koya mana.

Daftarin ɗan littafin da makarantarku za ta buga don cikarta shekara saba'in ya iso hannuna. Na karanta shi sau biyu, na farko da tabarau, na biyu da ɓacin rai.

Shafi talatin da biyu. Ƙwallo ta ci huɗu. Ƙungiyar mawaƙan coci uku. Ga ɗakin kimiyya, ga 'yan muhawara, ga ziyarar da yara ke kai wa marasa lafiya a asibiti. Ɗakin kwamfuta da ko buɗe shi ba a yi ba ya sami shafi biyu har da hoto. Ban ce ba su da kyau ba. Amma ɗakin kafinta fa? Layi ɗaya tak: "A shekarun farko ɗalibai sun ɗan taɓa aikin hannu." Ɗan taɓa! Wa ya gaya maka haka? Ni ne, ko tabon zarton da ke babban yatsana?

Ka kuma rubuta wai Fada Mai-keke ya samar da tebura. Bai samar da komai ba, Allah ya ba shi hutawa. Ya buɗe makarantar da ɗaki biyu da yara ashirin da uku, ni da kakanka a ciki, muna zaune kan bulo, ƙararrawarmu tsohon ƙarfen tayar babbar mota ce rataye a bishiya. Wanda ya raba mu da bulo shi ne Burada Ba-ƙusa, ma'aikacin mishan mai koyar da aikin kafinta, wanda ko sunansa ban gani a littafinka ba. Da safe aji, da yamma ɗakin kafinta. Dokarsa ita ce ba yaron da zai karɓi takardar gama makaranta sai ya haɗa teburin karatu guda da hannunsa, ba ƙusa ko ɗaya, ya bar wa na baya. In ka gama, Burada ya hau kai da takalmansa ya yi tsalle. In ya yi ƙara, ka warware ka sake.

A cikinmu duka ba mai hannun yayana, kakanka Bahago. Jininsa ne a jikinka, amma kai ne ka zauna a ofis ka kwafi abin da manya suka faɗa a takardunsu, ka kira shi tarihi. Tarihin makarantar nan yana ƙarƙashin tebura. Ka cire rigar malantar ka durƙusa ka leƙa, za ka ga sunayenmu.

Daga ajinmu ni kaɗai na rage. In na mutu ba mai ƙaryata ka, shi ya sa nake yi tun yanzu.

Ƙanin kakanka,
Tsinke

9 ga Maris

Kaka,

Na gaishe ka da kyau. Muna nan lafiya, jaririya ta fara haƙora, ta hana kowa sakat, uwarta ta ce halinka ta ɗauko. Allah ya ƙara maka sauƙin ƙafafun. Ka yafe mini jinkirin amsa, jarrabawa ce ta sa mu gaba.

Faɗanka ya shige ni. Na durƙusa, kuma gara da na yi, don saura kaɗan a makara. Ban gaya maka ba ne saboda na san halinka: ɗakin kafinta ne za a mai da ɗakin kwamfutar. An yi shekaru ba a koyar da komai a ciki. Tsofaffin teburan katako kuma, arba'in da ɗaya suka rage, an sauya su da na roba masu ƙafar ƙarfe. Fada Shugaba ya ba mai gidan burodin da ke kawo wa makaranta burodi su, zai kwashe a ƙarshen watan nan ya sa a tanderu.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya, na ɓata wando biyu. Kowanne da suna sassaƙe a ƙarƙashinsa, yadda ka faɗa. Na roƙi Fada, ya ce in zaɓi guda ɗaya rak, a ajiye a zauren taro ranar bikin. Kaka, na sami na Kaka Bahago! A can ƙuryar sito yake, ƙura ta rufe shi, da alama ya daɗe ba a zauna a kansa ba. Sunansa ya fito raɗau kamar jiya aka sassaƙa. Na goge shi na kai ofishina na kulle.

Sai dai kada ka yi fushi, zan faɗi gaskiya. Teburin yana rawa. Ƙafa ɗaya ba ta kai ƙasa ba. Tun ina yaro ake cika mini kunne da gwanintar kakana, ashe dai ƙauna ce ta sa kuke kambama shi.

Naka ma na gani, a aji na biyu yake har makon jiya. Sunan ya side, da ƙyar na karanta. Amma aiki! Na hau na yi tsalle irin na Buradanku, ko motsi. Ashe kai ne gwanin kana ɓoyewa, tsoho. Kuskure ɗaya na kama ka da shi: ka huda gurbin kwalbar tawada a hagu, na kowa kuwa a dama yake.

Na so in tsirar da su biyun, Fada ya ce ɗaya. Na ga kai kana da rai, za ka iya ba da labarinka da bakinka, shi kuwa sai abin da ya bari. Na san kai ma haka za ka zaɓa.

Layin nan na "ɗan taɓa" na soke shi.

Jikanka

2 ga Afrilu

Malamin Tarihi,

Ina gaisuwa, a taƙaice. Kwana goma sha tara na yi a asibiti, ƙirji ne. Wasiƙarka tana kwance a bayan ƙofa duk tsawon lokacin. Yau na dawo na taka ta. Ƙarshen watan da ka faɗa ya wuce da kwana biyu.

Me ka aikata, yaron nan? Me ka aikata?

Wanda ka kulle a ofis kana gogewa nawa ne! Ni na yi wannan abin kunya. Sau uku Burada yana sa ni in warware, a na huɗu ya ce in ɗauke shi daga gabansa kafin ya yi zunubi. Wanda ka bar wa wuta kuwa shi ne na kakanka.

A ɗakin Burada ba a sa sunan kai. Cewa yake aikin hannu ba allon talla ba ne. In ka gama teburinka, sai ka juya shi kai kaɗai, ka sassaƙa sunan mutumin da kake so a riƙa yi wa addu'a, wato sunan da aka san shi da shi a makaranta, ba ka gaya wa kowa. Kowace safiya kafin darasi, yaron da ya gaji teburin zai sa tafin hannunsa a kan sunan, ya roƙa wa mai shi alheri ko bai san shi ba. Ni sunan Bahago na sa. Wannan abu kowane ɗan aji ɗaya ya san shi a zamaninmu. Ban taɓa zaton za a wayi gari malamin tarihi na makarantar bai sani ba. Da me kuka cika shafi talatin da biyu?

Kuma har kana mini ba'a da gurbin tawada. Ni da dama nake rubutu, me zai kai ni hagu? Mutum ɗaya ne a ajinmu ya huda nasa a hagu. Burada ya ce ya toshe ya sake, ya ƙi, ya ce ai za a haifi wani bahagon a bayansa. Ya kwana uku yana share ɗakin kafinta a kan wannan taurin kai, bai toshe ba.

Tunda ka tono, bari ka ji sauran. Kakanka ya girme ni da shekara uku. Aji ɗaya muka shiga saboda babanmu ya ce ba zan iya tafiyar ni kaɗai ba, shi ne mai rako. A shekararmu ta ƙarshe aka ba makaranta gurbi ɗaya a kwalejin horon malamai. Fada ya tsaya gaban aji ya ce tsakanina da Bahago ne, yana tunani. Ba wanda ya tambaye ni. Na ɗaga hannu na ce, "Fada, Bahago ai katako ne ya san shi, takarda ba ta san shi ba." Aji ya kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Ni aka tura.

Bayan wannan ranar muka fara teburanmu. Na sa sunansa don tsoron Allah, ba don na iya buɗe baki in ce ya yafe ba. Daga nan har ya mutu, gaisuwa ce kawai tsakaninmu, irin ta mutanen da suka haɗu a tasha. Shekara sittin da biyar ina tsammanin sunan mamarmu ya sa, ko na Burada, ko na karen makaranta, kowa dai ban da ni. Sai yau na ji daga bakinka, a tsakiyar zolaya, a layin da ka gaya mini ka ba mai burodi shi.

Ka ajiye duk abin da kake yi ka tafi gidan burodin nan. In ka tarar da toka, ka ɗebo mini. Kada ka rubuto mini da "Fada ya ce." Na san Fadoji kafin a haifi wannan.

Tsinke

16 ga Afrilu

Malam,

Ina nan da rai, in kana tambaya. Mako biyu ke nan. Kullum sai na sa maƙwabciyata ta biya gidan waya, har ta fara ɓuya in ta ji sandata.

Na gane shirun. An ƙone shi, kana neman kalmomin da za ka shafa mini. Kada ka wahala. Ka rubuta layi ɗaya, ai ka iya: "An ɗan taɓa shi da wuta." Ba ni da ƙarfin da zan zo in duba da idona, kuma ka san haka, shi ya sa kake jan ƙafa. Kakanka ko da ba ya mini magana, bai taɓa barina ina jira a hanya ba.

Littafinku kuma kada a aiko mini.

T.

25 ga Afrilu

Kaka,

Ina gaishe ka, ina kuma roƙon gafara. Ban san ka kwanta asibiti ba, da na zo. Allah ya ƙara lafiya. Ba shiru na yi maka ba. Hutu muka tafi, wasiƙunka biyu suna cikin akwatin ofis a kulle, jiya da aka koma aka miƙo mini su tare. A tsaye na karanta. Ban shiga aji ba, na hau babur.

Bayan gidan burodin na fara zuwa. Kaka, ba zan shafa maka komai ba: sun tafi. Tulin ƙafafu da guntayen katako kawai na tarar, ban sami ko suna ɗaya cikakke ba. Na tsuguna ina tonawa, sai ga mai gidan ya fito, garin fulawa har gira.

Ya ce, "Malam, lafiya? Ko takardar jarrabawa ta faɗa ciki?"

Na ce tebur nake nema, mai rami a hagu.

Ya ce, "Af, mai taurin kan nan? Ai ni da shi mun yi dambe. Sauran bugu biyu uku sun watse. Shi kuwa na ba shi guduma har kafaɗata ta amsa, kusurwa kawai ya ba ni. Na juya shi ina neman ƙusar da zan zare, babu. Na ce wanda ya yi wannan ba don wuta ya yi shi ba. Zagaya gaba ka gani."

Yana bakin shago, Kaka. Matarsa ta shimfiɗa masa leda ta jera burodi a kai, ramin tawadar kuma nan take ajiye ɗan abin rubutunta. Da na ba su labarin, ita ce ta fara kwashe burodin. Shi kuma ya ce ba komai, in kawo masa mai rawar a madadinsa, tunda dai itace aka yi masa alkawari.

Na juya shi a rana, na goga alli a kan rubutun don ya fito. Ba tsufa ne ya side sunanka ba. Wurin ya yi santsi ya lotsa, daidai faɗin tafin hannun yaro. Kuma akwai kalma ɗaya a ƙarƙashin sunan, ƙarama ƙwarai, wadda ban gani ba a karon farko. Duk sauran teburan da na leƙa suna ne kawai. Shi kuwa Kaka Bahago ya rubuta: TSINKE, ƙanena.

Akwai abin da zan gaya maka, ban san ko zai ƙara maka fushi ba. Har yau, in an tashi addu'ar safe, yaranmu sukan sa tafin hannun dama a ƙarƙashin tebur. A kan na robar ma suna yi. Ba wanda ya san dalili. Ni kaina da na zo na tambaya, aka ce mini don kada su yi wasa da hannu ne. A shafi na tara na daftarin haka na rubuta, a ƙarƙashin tarbiyya.

Yanzu duka biyun suna ofishina. Fada yana nan a kan ɗaya. Nufina in kai wanda Kaka Bahago ya yi zaure, naka mai rawar kuma, in ka yarda, in cika wa mai burodi alkawari. Amma ba zan taɓa komai ba sai na ji daga gare ka. Na koyi darasi.

Jikanka mai laifi

3 ga Mayu

Jikana,

Na gaishe ka, na gaishe da maiɗakinka da mai haƙora. Jiki da sauƙi. Ka miƙa gaisuwata ga mai burodi da matarsa. Mutumin da ya san aiki in ya gan shi ya fi malamanku duka, har da kai.

Na ga shafi na tara tun a watan Fabrairu. Na ɗauka tsufa ne ya sa ban gane abin da kake nufi ba. Don kada su yi wasa da hannu! Allah ya ba ni haƙuri da ku.

Na karanta kalmar nan da ka ce ya ƙara. Ba zan ce komai a kanta ba. Maƙwabciyata ta shigo ta same ni, ta ɗauka ciwon ne ya tashi, na kore ta.

Likita ya sha tambayata yadda aka yi mai ƙirji irin nawa ya kai wannan shekaru. Yanzu na sami amsar da zan ba shi. Shekara sittin da biyar yara suna ɗora hannu a kan sunana kowace safiya, ni ina nan ina zagin duniya. Shi kuma fa? Ka ce sunansa raɗau yake kamar jiya aka sassaƙa, kana murna. Raɗau yake don ba hannun da ya taɓa shi. Na yi masa tebur mai rawa, aka gaji da shi aka jefa sito, ya tafi kabari ba yaro ɗaya da ya roƙa masa komai ta dalilina. Na ci gurbinsa a kwaleji, na kuma ci nasa a nan. Wannan fushin ba naka ba ne, kada ka ɗauka.

To ga abin da za a yi, kuma ba shawara nake ba ka ba.

Ba wanda za a kai zaure a ɗaura masa ƙyalle manya su ɗauki hoto. Tebur na aji ne. Ka sa su biyun a naka ajin, kusa da juna. Fada ba ya shiga ajinka ya ƙirga ƙafafu, in kuma ya shiga, ka ba shi wannan takardar ya karanta. Na kakanka ka nemi bahago ka zaunar a kai, don shi aka huda ramin. Ka gaya wa yaran abin da hannunsu ke yi a ƙarƙashin tebur, ka kuma rubuta shi a littafin, da sunan Burada Ba-ƙusa, ko da za a rage wa ƙwallo shafi. Mai burodi kuma in itace yake so, ka ba shi daftarin farko, zai kama da kyau.

Saura nawa. Kada a ƙone shi, sunan yayana ne a jiki. Za ka ji wani abu mai tauri a cikin ambulan ɗin nan. Guntun katako ne, daga ƙasan sandata na yanko. Kwana biyu na yi ina fama da wuƙar kicin, na yanke a wuri biyu, yanzu sandar ta gajarce ina tafiya a karkace. Ƙafar baya ta hagu ce, kaurin ɗan yatsa ta rasa. Ban manta ba, kullum ina ganinta. Ka sa gam ka manna, ka ɗora masa nauyi ya kwana. Ban da ƙusa.

In ya bushe, ka hau kai da takalmanka ka yi tsalle. In bai yi ƙara ba, ka zaunar da yaro, ka nuna masa inda zai sa hannu.

Ka rubuto ka gaya mini ranar da aka fara. Kada ka yi jinkiri wannan karon.

Kakanka,
Tsinke